Aikin kunnena, da yadda aka tare min amai tun kafin ya taso

Tun ina 'yar firamare kunnena na hagu yake zubar da ruwa, ya tsaya wata biyu ko uku sai in yi mura ko ruwa ya shiga wajen wanka ya dawo sabo, wani lokacin har da wari, kullum da auduga a kunnena ƙarƙashin ɗankwali. Babu abin da ba a ɗiga min ba, na kemis da na gida, man zaitun ne, man habbatussauda ne, duk an yi. Sai bara da naga jin ma ya fara ja baya, in Abban yara yayi magana ta hagu sai na juyo masa da ɗaya kunnen, shine muka tashi daga Kazaure muka je wani babban asibiti a Kano wajen likitocin kunne da hanci da maƙogwaro. Likita ya leƙa da 'yar fitilarsa yace dodon kunnen ne ya huje, kuma hujin babba ne ba zai rufe da kansa ba sai an yi faci. Aka bani maganin ɗigawa na makonni har kunnen ya bushe, aka yi awon ji da hoto da gwajin jini, sannan aka sa rana. Yadda ya bayyana min, za a yanka ta bayan kunne, a ɗebo wata 'yar tantani siririya daga saman naman nan da yake motsi a gefen kai in mutum yana tauna, a shimfiɗa ta a kan hujin, kuma za a ɗan goge ƙashin bayan kunnen da inji saboda ciwon ya daɗe.

Wallahi duk wannan bayanin bai tada min hankali ba kamar maganar amai. Ni mutum ce mai amai a mota, irin na sosai ɗin nan, in zamu Kano to kafin mu wuce Ɗambatta na cika leda, bana shiga mota sai da leda biyu da lemon tsami a jaka kuma tun safe bazan sa komai a bakina ba. Sannan haihuwar autana tiyata aka yi min a wani asibitin daban, abin da na gani a daren nan har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Bayan an fito dani aka yi min allurar kashe zafi, ko rabin awa ba a yi ba amai ya taso, babu komai a cikina sai kumallo mai ɗaci, ina kakari ina dafe ɗinki da hannu biyu ina jin kamar zai farke, Umma tana riƙe da roba tana min sannu tana share hawaye, a haka muka kai asuba. Babu wanda ya tambaye ni tun farko ko ina da wannan matsalar, ni kuma ban san abin faɗa bane. Ga kuma wata baiwar Allah da muka haɗu a layin ganin likita tace min 'yarta da aka yi wa aikin kunne kwana biyu ko ruwa baya zama a cikinta. Toh daga ranar bana barcin kirki.

Ana gobe aiki da yamma, bayan an bani gado, sai ga wata likita ta shigo da fayil ɗina a hannu tace ita ce zata sa ni barci. Ta ja kujera ta zauna, ta fara tambaya ɗaya bayan ɗaya, asma, hawan jini, ciwon suga, olsa, ciwon zuciya, ko akwai maganin da jikina baya so, ko ina da haƙori mai girgiɗi, ta sa na buɗe baki ta leƙa. Can sai tace, Hajiya kina amai a mota? Na ɗago na kalle ta, domin ban taɓa zaton wannan yana cikin abin da likita zai damu da shi ba, a gida ma abin da ake ce min kawai shine in daure. Nace ƙwarai kuwa likita, na kwashe labarin daren tiyatar haihuwa kaf na faɗa mata, ina magana muryata na rawa. Bata katse ni ba har na gama, sannan ta rubuta wani abu a saman takardar ta ja masa layi biyu.

Sai ta ɗaga yatsu tana ƙirga min. Tace abu huɗu suke dubawa su gane wanda zai fi yin amai bayan aiki: in mace ce, in bata shan sigari, in tana amai a mota ko ta taɓa yi bayan wani aikin, da kuma in za a bata magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin tiramadol da fentazosin da mofin bayan an fito. Tace ke kina da uku a hannu, na huɗun kuma mu ne zamu yi ƙoƙarin kauce masa. Daga baya da na warke na je na karanta, ashe wani likita ne Bajamushe mai suna Apfel shi da abokan aikinsa suka fitar da wannan lissafin a 1999, wanda bashi da ko ɗaya cikin huɗun haɗarinsa kusan 10 cikin 100 ne, mai ɗaya kusan 20, mai biyu 40, mai uku 60, mai huɗu kusan 80 cikin 100. Kenan daren haihuwar nan duka huɗun ne suka haɗu a kaina. Maganar sigari ta bani mamaki nima, kuma ta ja min kunne tace wannan ba yabon sigari bane, masu shanta nasu matsalar ta huhu da rashin saurin warkewar ciwo ta fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Na tambaye ta me ya sa kunne ya fi, tunda ba ciki za a taɓa ba. Tace can cikin kunne, gaba da inda za a yi aikin kaɗan, akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa da ruwa a cikinsu, su ne suke faɗa wa ƙwaƙwalwa in kan mutum yana juyawa. In ana aiki kusa da su, ga girgizar inji, ga ruwan da ake wanke wurin da shi, ga na'urar da take zuƙe jini, sai su ruɗe su dinga aika saƙon cewa kina juyawa alhali idonki yana ganin kina kwance, wannan saɓanin shi yake kawo jiri da tashin zuciya, kuma shine dai abin da yake samunki a mota. Ga maganin barcin shi kansa, musamman wanda ake shaƙa, shima yana tada zuciya. Abin da ya fi tsaya min a rai kuma da tace facin nan ba ɗinke shi ake yi ba, ɗora shi ake a tokare shi da wani abu mai laushi kamar soso wanda yake narkewa da kansa, to kakarin amai yana tura iska ta hanyar da ta haɗa maƙogwaro da kunne, zai iya gusar da facin ko ya tada jini. Banda haɗarin mutum yayi amai yana cikin magagin barci ya koma masa huhu. Tace shi yasa bama jira sai ya zo, tun kina barci zamu tare shi.

Ta faɗa min sunayen magungunan, nace dan Allah ta rubuta min, ta rubuta a bayan katina. Na farko deksametason, da zarar nayi barci zata sa shi a jijiya domin yana ɗaukar lokaci kafin ya fara aiki amma yana daɗewa a jiki. Ina jin sunan gabana ya faɗi, nace likita ba shine deksa ɗin da wasu mata suke sha don suyi ƙiba ba, wanda yake kumbura fuska? Tace shine, amma waɗancan kullum suke sha wata da watanni babu umarnin likita, shi yake lalata musu jiki ya kawo suga da hawan jini da raunin ƙashi, wannan kuwa allura ɗaya ce tak, abin da zai iya yi shine ya ɗan ɗaga suga na kwana ɗaya, shi yasa ta tambaye ni ciwon suga. Na biyu ondansetiron, wanda wasu suka fi sani da Zofran, miligiram 4 in an kusa gama aiki. Shi asalinsa don masu shan maganin ciwon daji (kansa) aka yi shi saboda aman da suke fama da shi, yana toshe hanyar wani sinadari da yake kai saƙon amai daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa. Tace shi yasa ta sake duba awon zuciyar da aka yi min, domin a wasu mutane yana taɓa bugun zuciya. Nace to me ya sa biyu, ɗaya bai isa ba? Tace kowanne ƙofa daban yake rufewa, kuma kowanne ɗaya yana rage haɗarin ne da kamar kashi ɗaya cikin huɗu kawai, babu wanda yake kawar da shi gaba ɗaya, don haka mai irin jikina sai an haɗa.

Sauran dabarar kuma a wajen sa barcin take. Maimakon ta riƙe ni da wanda ake shaƙa, zata yi amfani da furofofol ta jijiya daga farko har ƙarshe, shi baya tada zuciya kamar su. Akwai kuma wata iskar sa barci mai suna naitiros da tace bazata sa min ba sam, tana shiga duk inda iska take a jiki har da cikin kunne, tana iya ɗaga facin, kuma tana ƙara amai. Zafi kuma za a tare shi da farasitamol ta jijiya da dikulofenak tunda bani da olsa, likitan kunne kuma zai yi allurar kashe wuri a inda zai yanka. Bata yi min alƙawarin ba zan ji komai ba, kuma naji daɗin hakan, cewa tayi in sha Allahu ba zai kai na wancan karon ba, in kuma ya taso akwai na uku a ajiye.

Abinci daga sha biyun dare aka ce in tsaya, ruwa zalla kuma ta yarda in ɗan sha har zuwa awa biyu kafin a shiga, tace ƙishirwa mai tsanani ma tana ƙara tashin zuciya. Da asuba Umma ta fito da fulas ɗin koko tace ke 'yar nan ko kurɓa uku kiyi, ba a shiga wahala da yunwa. Nace Umma kiyi haƙuri an hana, tace to ko lemon tsamin ki lasa, sai da sista ta zo ta zauna ta yi mata bayani cewa in akwai abu a ciki zai iya tasowa ya shiga huhu mutum yana barci, kuma in na sha sai an ɗaga aikin, sannan ta rufe fulas ɗin tana ta addu'a. Kitso dama tun a gida na sa aka yi min shuku aka tattare gashin sama, duk da haka sai da suka aske kamar faɗin yatsu biyu a bayan kunnen.

Ɗakin tiyata sanyi kamar me. Aka sa min kanula a hannun dama aka jona ruwa, aka maƙala min wani abu a yatsa yana ƙara ɗit ɗit. Na ga likitar barcin ta ɗauko sirinji babba cike da wani abu fari tas kamar madara, tace shine furofofol ɗin, zai ɗan yi miki zafi a hannu. Ya kuwa yi, kamar an zuba yaji a jijiya yana hawa, na fara karanta Ayatul Kursiyyu, ban san inda na tsaya ba.

Farkawa nayi naji ana kiran sunana, kaina ɗaure da bandeji zagaye kamar rawani, maƙogwarona yana kaikayi saboda bututun numfashi da aka sa. Abu na farko da nayi, tun kafin in tuna da kunnen ma, na tsaya ina sauraron cikina, ina jiran abin nan da na sani, yawun da yake taruwa a baki da zufa mai sanyi. Shiru. Akwai jiri, in na motsa kai sai silin ya ɗan zame gefe, amma zuciyata kwance take. Hawaye kawai naji yana bin gefen fuskata, sista ta zaci zafi ne nace a'a, Alhamdulillahi kawai nake iya cewa. Suka ɗaga min kan gado, aka ce in kwanta ta ɓangaren lafiyayyen kunnen, kada in juya kai da sauri, in zan kalli mutum in juya gaba ɗaya a hankali.

Bazan ce an gama lafiya ƙalau babu komai ba, domin bayan la'asar ya gwada ni. Fitsari ya matse ni saboda ruwan da aka ƙara min, na tashi zaune da sauri ban jira an kama ni ba, nan take ɗakin ya juya, bakina ya cika da yawu, na ce Umma roba. Sista ta zo da gudu ta maida ni kwance, ta yago auduga ta jiƙa da sifirit ta kara min a hanci tace in ja numfashi a hankali ta hanci in fitar ta baki, in kafa idona a kan abu ɗaya kada in rufe. Na kafa ido a kan wani ƙusa da yake jikin bango. Ya ɗan lafa amma bai tafi ba, nayi yunƙuri sau ɗaya babu abin da ya fito. Aka kira likita, nace a ƙara min irin na ɗazu mana, tace a'a, ba a kai awa shida da yin ondansetiron ba, maimaita shi yanzu ba zai ƙara komai ba, sai dai a canza wani mai bin wata hanyar. Aka yi min Phenergan ɗan kaɗan, tace shi ya fi dacewa da tashin zuciyar da jiri yake kawowa amma zai sa ni barci, kada in sauko daga gado ni kaɗai. Minti ashirin ban kai ba barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai wajen goma na dare, bakina a bushe ƙamas amma cikina lafiya. Ruwa na fara kurɓa kaɗan kaɗan, da ya zauna aka bani shayi ba madara da biskit guda biyu. Ramuwar sallolina a kwance nayi da ishara, washegari ma a zaune, sujada sai da aka kwana biyu domin sunkuyar da kai yana taso da jirin.

A nan zan ɗan tsaya, saboda na san halinmu, wata zata karanta sunayen nan ta tafi kemis. Dan Allah kada ki yi. 'Yar yayata tana da shekara goma sha shida aka yi mata allurar Maxolon a kemis saboda amai, kafin dare wuyanta ya murɗe gefe, idonta ya kafe sama, harshe ya fito, gida ya ruɗe ana ta tofi ana cewa iska ce, sai a asibiti aka gane maganin ne, aka yi mata wata allurar ya sake ta. Na ba likitar wannan labarin tace sananne ne, ya fi kama yara da 'yan mata, shi yasa ma bata sa shi a lissafina ba. Kowanne cikinsu da nasa sharrin. Ni kaina ondansetiron ɗin ya bar min ciwon kai mara ƙarfi da taurin bayan gida na kwana biyu, ga shi an hana ni yin nishi saboda facin, sai da na dage da ruwa da gwanda da kunun gyaɗa mai ruwa ruwa kafin abin ya saki. Abin da yake hannun mara lafiya shine ya buɗe baki ya faɗa, ina amai a mota, na taɓa yin amai bayan tiyata, ga maganin da ya taɓa bani matsala, ko ba a tambaya ba.

Wani abu kuma da ya ɗan ruɗa ni, gefen harshena na hagu ya dinga jin ɗanɗano kamar na tsotsi ƙarfe, komai na ci haka, har na zaci wani sabon tashin zuciyar ne yake zuwa. Likitan kunne yace wata jijiyar ɗanɗano ce take ratsawa ta bayan dodon kunne, dole a ɗan taɓa ta wajen aiki, zai tafi da kansa. Ya ɗauki makonni kafin ya tafi.

Kwana biyu nayi aka sallame ni, an cire babban bandejin an bar ƙarami. Dokokin da aka bani suna da yawa, kada in fyace hanci, in atishawa ta zo in buɗe baki, kada in ɗauki abu mai nauyi har da goyo, wanka sai na toshe kunnen da auduga mai basilin, jirgin sama kuma sai sun bada izini. Yace in jiri ya tsananta ana ta amai baya tsayawa, ko fuska ta karkace, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, kada mu jira ranar dawowa mu taho ko da tsakar dare ne. Saura hanya, wadda ita nake ta tunani tun a gado. Likita ta bani Stugeron, maganin jiri da aman mota, tace in sha awa biyu kafin mu tashi, kuma na 'yan kwanaki ne kawai domin in aka daɗe ana sha yana hana ƙwaƙwalwa sabawa ta daidaita kanta. Abban yara ya samo mota shata, aka sa ni a gaba aka ɗan kwantar da kujera, filo a wuya, gilashi a ɗan buɗe, idona a kan titi can nesa, ya roƙi direba yace malam dan Allah a hankali a ramuka mara lafiya ce. Ledata tana hannuna har gida, mun tsaya sau ɗaya bayan Ɗambatta na sha iska na kurɓi ruwa, ban yi amai ba.

Jirin ya bi ni kamar kwana biyar yana raguwa, na fi jin sa da safe in zan tashi, sai na koyi zama bakin gado in ƙirga ashirin kafin in miƙe. Bayan sati aka cire zare. Kunnen ya daɗe a toshe ina jin ƙas ƙas a ciki kamar ana taka busasshen ganye, suka ce soson ne yake narkewa. A sati na shida likita ya leƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago yace Hajiya facin ya kama. Har yanzu dai da audugar basilin nake wanka, kuma wata mai zuwa zan koma a sake awon ji a gani nawa ya dawo.